Fitila Mai Kunya

Goma sha huɗu ne, da hannuna na ƙirga su,
rataye a ɗakin karatu na Tudun Wada
tun kafin a yanke mini cibi.
Tagulla a wuya, gilashi fari kamar kindirmo,
a ƙasa faranti mai ƙananan huji,
rariyar da ba ta taɓa ganin gari ba.

Malam Barau ne ya koya mini hawa tsani.
Ya ce, Ɗanliti, riƙe da hannu biyu,
wannan ba ƙwan shagon Sabon Gari ba ne.
Ya juya gindin ɗaya, ya goge da bakin riga,
ya nuna mini ɗan rubutu: Suwidin.
Ya ce ƙasa ce da rana ke yi wa rowa,
ta leƙo da hantsi, kafin la'asar ta naɗe tabarma,
haka wata da watanni.
Shi ya sa suka zauna suka yi wa haske tunani.
Mu da muke da rana har muna gudun ta
ba mu taɓa tambayar ta komai ba.

Duba, in ji shi, ba ta kallon mutum a ido.
Sama take jefa hasken, ya bugi silin,
ya huce,
sannan ya sauko kan takarda
kamar suruki ya shigo zaure, kai a sunkuye.

Shekara talatin da ɗaya ina share musu yana,
ina zubar da fukafukan gina bayan ruwan farko.
A ƙarƙashin ta uku Rifkatu 'yar Wusasa
ta zana ƙasusuwan hannu har fensir ya ƙare.
A ƙarƙashin ta bakwai wani dogo ya yi ta gyangyaɗi
a kan littafin shari'a.
Bara ya wuce ni a Kwangila, gilashin mota a rufe.
Ban ji haushi ba. Ƙeyarsa na sani, ba fuskarsa ba.

Ran wata Talata ɗan kwangila ya zo da kwalaye,
dogayen ƙwayaye masu cin wuta kaɗan.
Gaskiyarsa, kuɗin wuta ya fi ƙarfin ofis.
Amma haske ne mai tsawa,
ya tona asirin fenti, ya ƙirga tsagar bango,
kowa ya ɗago kai sai ka ce mai jiran likita.

Ni aka sa na sauke su.
Biyu suka fashe a hannun yaransa, suna dariya.
Ɗan gwangwan ya ɗora sauran a sikeli,
ya ce tagulla yake saye, gilashi ba ya cikin ciniki.
Na ba shi kuɗin rabin buhun masara,
na goyo ta bakwai a keke har Gyallesu
cikin tsohon zanen matata.

Rufina gajere ne, kwano tsirara, babu silin.
Duk wanda ya shigo sai ya sunkuya mata.
Lantana ta ce, ka sayo mana abin fasa goshi,
ga shi wuta kwana tara ko ƙyaftawa.
Tsaka ta tare a cikin farantin.

Daren na goma, wajen ƙarfe biyu, suka kawo.
Ban tashi kowa ba.
Ta jefa hasken sama yadda ta saba,
ta tarar da tsatsa da ƙusa da ramin zubar ruwa,
ba ta ce komai ba,
ta sauko da shi ja-ja, kamar an jiƙa shi a zoɓo.
Na zauna a ƙasa, na buɗe tafin hannuna,
na karanta tabon da waya ta bar mini
ranar da Malam Barau ya ce kashe layi, ban ji ba.
Shekararsa shida a ƙasa.

Minti arba'in, suka ɗauke.
Na miƙa hannu cikin duhu.
Gilashin ya daɗe da ɗumi.